Sarkin Yawa Bai Ɗauki Kofi Ba

Wannan makon ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka za mu taɓa, kuma mu faɗa tun daga farko, da rigima muka zo. Akwai wata magana da ake ta nanatawa duk lokacin da watan Maris ya kama, har ta zama kamar karatun allo a bakin masu sharhi da masu kallo: wai makarantar da ta fi tara 'yan wasa, wadda bencinta ya cika ya batse, ita ke ɗaukar kofi. Saboda haka wai duk gurbin karatu kyauta da makaranta ta bai wa yaro, a filin gasa za a auna shi. In yaron bai ƙara wa tawaga nauyi ba, a sallame shi a kawo wani. Mu dai mun ce wannan magana ba ta tsaya a kan ƙafafunta ba, kuma yaran mutane ake cuta da ita, cikinsu har da namu.

Ga wanda bai saba bibiyar abin ba, ga yadda yake a taƙaice. Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. A rukuninta na ɗaya akwai makarantu sama da 350 masu tawagar ƙwallon kwando ta maza. Shekara talatin da 'yan kai doka ta kayyade wa kowace makaranta gurabe 13 na sikolashif ga maza, 15 ga mata. Gurbin nan shi ne kuɗin makaranta da ɗakin kwana da abinci da littattafai. A ƙarshen kaka sai a zaɓi wasu daga cikin tawagogin su shiga gasar sili ɗaya ƙwale, wadda Amurkawa ke yi wa kirari da haukan watan Maris. Wanda aka doke sau ɗaya ya tattara ya koma gida. Mai son kofi sai ya ci aƙalla wasa shida a jere.

To mu je ga shekarar 2015, domin ita ce shekarar da aka gwada wannan magana a bainar jama'a. Jami'ar Kentucky ƙarƙashin koci John Calipari ta tara yaran da ba a cika ganin irinsu a tawaga ɗaya ba. Tara daga cikinsu an taɓa zaɓensu cikin fitattun 'yan sakandaren Amurka. Yawansu ya kai Calipari ya raba su gida biyu, biyar-biyar: waɗannan su shiga su yi 'yan mintuna, a kwashe su gaba ɗaya a zuba waɗancan. Devin Booker, wanda yau duniya ta san shi a NBA, ko sau ɗaya ba a fara wasa da shi ba a wannan kaka. Suka ci wasa 38 ba a doke su ba. Masu cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi suka samu abin nunawa.

Ranar 4 ga Afrilu, a birnin Indianapolis, suka haɗu da Wisconsin a wasan daf da na ƙarshe. Saura minti shida da 'yan kai Kentucky na gaba da maki huɗu. Daga nan sai abin ya cije. Sau uku a jere daƙiƙa 35 ɗin da doka ta ba su su jefa ƙwallo ta ƙare ba su taɓa bakin kwando ba. Ga gwanaye zaune a benci, amma fili mutum biyar kawai yake ɗauka. Wisconsin ta ci 71 da 64. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka ɗauki shida daga cikin yaran Kentucky a zaɓen NBA, Karl-Anthony Towns ne ma na farko a duk zaɓen, amma kofin jami'a bai je hannunsu ba. Calipari da kansa ya fito daga baya ya ce ba zai sake wannan rabon gida biyu ba.

Wa ya ɗauki kofin? Duke, bayan kwana biyu, da ci 68 da 63 a kan Wisconsin. Duke kuwa a lokacin yara takwas kacal take da su masu sikolashif da doka ta yarda su buga, domin ɗaya ya canza makaranta a tsakiyar kaka, an kuma sallami wani. Masu takwas suka yi abin da ya gagari masu goma. Kuma ba ranar aka fara ba. A 1963 jami'ar Loyola ta Chicago ta doke Cincinnati 60 da 58 har da ƙarin lokaci, yara biyar ɗin da suka fara su suka gama, ba a canza ko ɗaya ba. A 1966 Texas Western ta doke Kentucky 72 da 65 da 'yan wasa bakwai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, lissafi ne na 'yan firamare. Wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, jimla minti 200 ke nan da koci zai raba. In ya raba wa mutum 13 daidai wa daida, kowa zai tashi da kusan minti 15, ma'ana gwaninsa zai shafe minti 25 yana zaune yana kallo. Babu kocin da zai yi haka a wasan da in an faɗi an tafi gida. Ga shi kuma gasar ba ta gajiyar da yara yadda ake zato. Wasa biyu ake yi a ƙarshen mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, sannan a huta kwanaki kafin zagaye na gaba. A cikin wasan ma, gidajen talabijin suna tsayar da shi sau huɗu a kowane rabi don su saka talla, hutun rabin lokaci kuma ya fi na sauran kaka tsawo. Yaro ɗan shekara ashirin da ke samun irin wannan numfashi zai iya buga minti 35 ba tare da ya galabaita ba. Shi ya sa duk wanda ke kallo da idon basira ya san cewa da Maris ya shigo, bencin koci sai ya tsuke. Wanda ke juya mutum goma a Disamba, bakwai ko takwas yake amincewa da su a gasa.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu kauce masa ba. Za a ce ai rauni na nan. Gaskiya ne. A 2000 Kenyon Martin ya karye a ƙafa ana gab da fara gasa, Cincinnati da ake ganin ita za ta ɗauka ta faɗi a zagaye na biyu. A 2018 De'Andre Hunter ya karye a wuyan hannu, Virginia da ke kan gaba a duk ƙasar ta sha kashi 74 da 54 a hannun UMBC, makarantar da aka sa a jerin na ƙarshe. Za a ce kuma ƙeta biyar ke fitar da mutum daga wasa, dole a samu mai shiga. Wannan ma gaskiya ne. A wancan wasan ƙarshe na 2015, da Jahlil Okafor da Justise Winslow suka tara ƙeta, Duke na baya da maki tara, wani sabon yaro Grayson Allen ne ya taso daga benci ya zuba maki 16. A 2013 Luke Hancock na Louisville daga benci ya taso ya zama gwarzon gasa, duk da daga baya an ƙwace wannan kofi saboda karya dokoki. A 2018 Donte DiVincenzo na Villanova daga benci ya zuba wa Michigan maki 31. Har ma za a tuna mana da Arkansas ta Nolan Richardson a 1994, wadda ke matsa wa abokan karawa lamba tun daga farko har ƙarshe tana canza yara, ta kuma ɗauki kofi.

Duk mun yarda. Amma a duba da kyau su waye waɗannan. Hunter mutum na shida ne a tawagarsa. DiVincenzo na shida ne. Hancock haka. Allen na cikin takwas ɗin nan. Ba a nuna mana mutum na goma sha biyu da ya ɗauko kofi ba. Martin kuwa shi ne gwarzon ƙasa na wannan shekara, ko gurbi talatin aka bai wa Cincinnati ba za ta samu madadinsa a benci ba. Abin da misalan ke nunawa shi ne koci na bukatar mutum biyu ko uku amintattu bayan biyar ɗin farko. Wannan daban, tara mutum goma sha uku da ake wa kallon kayan gyara daban. In da yawa ne ke ci, da Florida State ta Leonard Hamilton, wadda ta yi suna wajen juya mutum goma ko fiye, ta cika kabad da kofuna. A shekara sama da ashirin da ya yi a can, bai kai ta zagayen 'yan huɗu ba ko sau ɗaya. A ɗaya gefen kuma ga Princeton, wadda ƙungiyarsu ta Ivy ba ta bayar da sikolashif na wasa kwata-kwata, a 2023 ta fitar da Arizona da Missouri ta shiga zagayen 'yan 16. Hausawa sun riga sun raɗa wa abin suna: taron tsintsiya ba shara.

Yanzu ga inda rigimarmu take. In mutum bakwai ko takwas ne ke ɗauko kofi, sauran biyar ɗin fa, me ake yi da su? Aiki suke yi, aiki mai wuya. Su ne ke tashi da asuba su ɗaga ƙarfe tare da kowa. Su ne a wajen atisaye ake sa wa su kwaikwayi salon abokan karawa, gwanaye su yi ta gwada ƙarfi a kansu. Suna bin tawaga tafiye-tafiye, darasi yana wuce su kamar yadda yake wuce taurari. Da guminsu ake wasa wuƙar da ake yanka da ita a Maris. Ladan da aka yi musu alkawari ɗaya ne, shi ne digiri. To sai a zo da maganar cika benci a ce wannan gurbi na goma sha ɗaya bai haifar da komai ba, a ƙwace a bai wa wani.

Kada a ce mun ƙirƙira. Tun 1973 NCAA ta mayar da sikolashif na shekara ɗaya-ɗaya, sai koci ya ga dama ya sabunta. Kusan shekara arba'in ana haka, sai a 2012 aka halatta bayar da na shekaru da yawa, a 2015 kuma manyan ƙungiyoyin jami'o'i suka haramta ƙwace gurbi don yaro bai taka rawar gani ba. Doka ta gyaru a takarda. Amma koci ba ya bukatar takarda kafin ya kori yaro. Kaka na ƙarewa zai kira shi ofis ya ce masa, gaskiya baɗi ba na ganin za ka shiga fili, ka duba wani wuri. Yaro ɗan shekara goma sha tara zai fita ya rubuta sunansa a rajistar masu neman canjin makaranta, wadda aka buɗe a 2018, jaridu su rubuta cewa shi ya zaɓi tafiya. Tun da aka sassauta dokar canji a 2021, aka ƙara sakinta a 2024, abin ya zama kasuwa. Kowace bazara yara sama da dubu ke shiga, kuma ba kowa ke samun mai ɗauka ba. Wanda ya samu ma, sau da yawa sabuwar makarantar ba ta karɓar duk darussan da ya ci a tsohuwar, digiri ya ƙara nisa.

Ba muna kukan an ba yara 'yancin tafiya ba ne. Koci yana barin makaranta duk ranar da aka ƙara masa kuɗi a wani wuri, don haka babu adalci a ɗaure yaro. Abin da muke ƙi shi ne a tura mutum waje da gwiwar hannu sannan a kira abin 'yanci.

Kuma a tuna irin kuɗin da ke yawo a kan yaran nan. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka sayi haƙƙin nuna gasar a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. A 2016 aka ƙara shekara takwas a kan biliyan 8.8. A tsakanin nan, a 2014, Shabazz Napier, tauraron Connecticut da ta ɗauki kofin wannan shekara, ya shaida wa 'yan jarida cewa akwai dararen da yake kwana da yunwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In tauraro ya faɗi haka, yaya na ƙarshen benci?

An samu sauyi, ba mu musa ba. Daga Yulin 2021 an yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba makarantu damar raba wa 'yan wasansu har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sulhun ya kuma cire iyakar gurabe 13 ga makarantun da suka shiga cikinsa, ya sa iyakar mutum 15 a tawaga, kuma ana iya bai wa dukkansu sikolashif. Masu maganar yawa sun yi ta murna. Mu tambayarmu ita ce, an ƙara wa fili mutum na shida ne? An mayar da wasa minti 50? Minti 200 ɗin nan suna nan yadda suke. Abin da aka ƙara shi ne yara biyu da za su zauna. In za a riƙe su har su gama karatu, alhamdu lillahi, alheri ne ya ƙaru. In kuwa za a riƙa juya su duk shekara kamar kayan gwanjo, to an faɗaɗa rumbu ne kawai.

Ina ruwanmu, mu da ke nan? Da ruwanmu, domin a wannan benci akwai 'ya'yanmu. A tawagar Duke ta 2015 akwai Sean Obi, yaron da ya taso daga Kaduna. Ya yi fice a shekararsa ta farko a jami'ar Rice, ya koma Duke, dokar canji ta wancan lokaci ta sa ya zauna kaka guda yana atisaye ba ya wasa. Bayan nan ciwon gwiwa ya hana shi sakat, bai buga abin a zo a gani ba. Da ma'aunin masu cika benci, gurbinsa asara ne. Amma ya kammala digirinsa a Duke kafin ya wuce Maryland. Mu a wajenmu wannan gurbi ya biya kuɗinsa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi wasa, ya tafi wata ƙaramar kwaleji a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, inda ko ƙamshin babbar gasar ba a ji. Bai taɓa buga NBA ba. Shi ne ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019, shi ne kuma ya kafa Giants of Africa mai shirya wa yara sansanin horo a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka.

Yaron da ya fito daga nan ya fi ɗan Amurka shiga haɗari in aka tura shi waje. Bizarsa ta ɗalibi a jikin makaranta take rataye. Dokar bizar ta takura masa wajen cin kuɗin talla a cikin Amurka, kuɗin da abokan wasansa ke ci hankali kwance. Ba shi da gidan uba a gari na gaba da zai je ya zauna kafin abu ya daidaita. Kuma a tuna, mutum 60 NBA ke ɗauka a zaɓenta na shekara, daga duk duniya, alhali dubbai ne ke buga wa jami'o'i. Ga mafi yawansu, takardar digirin nan ita ce kofin.

Abin ban haushin ma shi ne, haƙuri da yaro ya fi tara yara kawo nasara. Wa ya karya Kentucky a 2015? Frank Kaminsky, da maki 20. Shekara biyu ya yi a bencin Wisconsin, a ta farko ko maki biyu ba ya kaiwa a wasa. Ba a kore shi ba, a shekararsa ta huɗu ya zama gwarzon ƙasa. Hakeem Olajuwon da ya je Houston daga Legas, kakar farko bai buga ba sam, ta biyu daga benci yake tasowa. A 1983 shi aka zaɓa gwarzon gasa duk da Houston ta faɗi a wasan ƙarshe 54 da 52. A 2023 Connecticut ta ɗauki kofi da Adama Sanogo ɗan Mali a gaba, Donovan Clingan yana bayansa yana koyo. Da Sanogo ya tafi, Clingan ya hau gurbinsa suka sake ɗauka a 2024. Wannan shi ne benci mai amfani, wanda aka shuka aka yi wa ban ruwa. A kasuwar yau, koci nawa ne zai jira Kaminsky shekara biyu?

Don haka ga matsayarmu. A daina auna gurbin karatu da sakamakon mako uku na Maris. Makarantar da ta ɗauko yaro ta riƙe shi har ya gama, ko ya buga ko bai buga ba, ko kocin da ya kawo shi yana nan ko ya tafi. Masu sharhi kuma, in za su yaba wa koci, su faɗa mana yara nawa cikin waɗanda ya ɗauka shekara huɗu da suka wuce suka fita da digiri, kafin su lissafa mana taurarin da ya jibge.

Mu kuma nan gida, ranar da aka ce ɗan unguwa ya samu sikolashif a Amurka, a yi murna, a yi addu'a, amma wani babba ya zauna ya karanta takardar. Shekara nawa aka rubuta? In ya ji rauni wa zai biya magani, kuma gurbin yana nan? In an canza koci fa? Yara nawa ne a gabansa a wurin da yake bugawa? Wane fanni zai karanta, kuma atisaye zai bar shi ya shiga aji? In wanda ya kawo maganar ya fara ɓata rai don an yi waɗannan tambayoyi, to an samu amsa. Gara ƙaramar makarantar da za ta sa yaro a fili ta kuma yaye shi, da babbar da za ta sa hotonsa a jerin mutum 15 ta sallame shi a Afrilu.

Wanda ke ganin mun yi kuskure, ga fili ga mai doki. Ya kawo mana shekara da sunan tawagar da mutum na goma sha biyu ya ɗauko wa kofi, mu kuma za mu karɓi gyara. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.